Muhawara: Gasar bugun tsallake katanga a besbol, agogo ya gyara ta ko ya ɓata ta?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau ina roƙon arziki a ɗan ajiye zancen Firimiya mu taɓa besbol, duk da na san mu masu kallonsa a nan ba mu taka kara mun karya ba. Maganar gasar Home Run Derby ce, wadda ake yi a Amurka duk watan Yuli, ranar Litinin, jajibirin wasan taurari, wato wasan da ake haɗa zaɓaɓɓun gwanayen babban lig ɗin besbol na Amurka, MLB. Ga waɗanda ba su saba ba: ana tara mutum takwas masu ƙarfin bugu, kowa ya zo da wanda zai riƙa jefo masa ƙwallo a hankali, shi kuma ya ɗirka mata sanda ta tsallake katangar fili ta faɗa cikin 'yan kallo. Wannan shi ne homran, ana yi zagaye-zagaye, wanda ya fi tara su a zagayen ƙarshe shi ke tafiya da kofi.

Abin da ya sa na kawo maganar shi ne daga 2026 Netflix ce za ta riƙa nuna gasar, bayan shekara da shekaru tana hannun ESPN. Sabon hannu kuwa ba ya rasa gyare-gyare. To ni ƙorafina ɗaya ne. Tun da aka shigo da agogo, wato aka ba kowa mintoci ƙidayayyu ya buga iya abin da zai iya, abin ya koma rige-rige. Mai jifa ba ya jira, mai bugu ba ya ɗaga kai. Ƙwallo ɗaya tana sama, ta biyu ta tashi, ana shirin jefo ta uku. Mai kyamara ya rasa wadda zai bi, sai a raba maka allo biyu, kai kuma ka rasa inda za ka sa ido. Alhali daɗin homran gaba ɗayansa yana cikin daƙiƙoƙin nan biyar ko shida da ƙwallon take tafiya a sama, kowa ya miƙe tsaye yana jiran ya ga inda za ta sauka. Idan aka cire wannan, me ya rage? Lamba ce kawai take canzawa a gefen allo.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Yaya, tsakani da Allah wasan da babu mai tsaron gida, babu abokin hamayya, kuma wanda ke jefo maka ƙwallon ma mutuminka ne, ina gasa a nan? Atisaye ne aka sa wa kuɗin shiga. Kuma a ce mutum ya tashi ƙarfe ɗayan dare a Kano saboda shi?

Baban Sadiq:
Ƙanena, je ka riƙe sandar tukuna. Ƙwallon sai ta yi tafiyar mita 100 zuwa 120 kafin ta wuce katanga, ya danganta da ɓangaren da ka buga. Yi haka sau arba'in cikin minti uku ka ga yadda hannunka zai koma. Amma maganar ƙarfe ɗayan dare gaskiyarka ce, ƙarfe takwas na dare ake farawa agogon New York.

Kawu Mai Rediyo:
Baban Sadiq ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni tun zamanin Ken Griffey Jr. nake kallon abin nan, yaron da yake juya hularsa baya. Sau uku ya ci, 1994 da 1998 da 1999, har yau babu wanda ya kamo shi. Amma ba kofunan ba ne mutane suka fi tunawa. A 1993 a Baltimore ya buga wata ƙwallo da ta fita fili ɗungurungum ta je ta daki bangon tsohon sito na jan bulo da ke bayan filin. Bai ma ci gasar shekarar ba. To me ya sa har yau ake zancenta? Saboda an bar mu mun kalle ta, an maimaita, an tsaya ana mamaki. A tsarin yanzu da kafin ta daki bangon an jefo masa wata.

A lokacin dokar mai sauƙi ce. Duk bugun da bai tsallake katanga ba faɗuwa ɗaya ne, ka cika goma ka koma ka zauna. Babu agogo, babu haki.

Malam Lissafi:
Kawu, da girmanka, amma tsohon tsarin nan da kake yabo shi ne ya kusa kashe gasar. Tunda ƙin bugu ba ya cikin faɗuwa, sai ɗan wasa ya tsaya yana zaɓe. A jefo, ya ƙi. A sake jefowa, ya ƙi. Wani sai ya bar biyar ko shida sun wuce yana jiran wadda ta yi masa daidai. Gasar takan ci kusan awa uku, rabinsu kallon mutum ake yi yana gyara safar hannu. Kuma ku tuna yadda aka faro: a 1985 a Minneapolis, Dave Parker da homran 6 kacal ya ci.

Ga babbar hujjata. 2008, tsohon filin Yankee da ke Bronx, shekararsa ta ƙarshe kafin a rufe shi. Josh Hamilton ya buga 28 a zagayen farko, 13 daga ciki a jere, wani dattijo ɗan shekara 71 ke jefo masa. Filin gaba ɗaya na kiran sunansa. To wa ya ci kofin? Justin Morneau, da ci 5 da 3 a wasan ƙarshe. Jimillar Hamilton a daren 35, ta Morneau 22. Babu agogo a wannan lokacin, amma duk da haka wanda ya fi kowa ya tashi hannu rabbana. Don haka kar a ɗora wa agogo laifin da ya tarar.

Da aka kawo agogon a 2015 a Cincinnati kuwa, daren nan ne ya farfaɗo da gasar. Minti biyar aka shirya ba kowa, tsoron ruwan sama ya sa aka rage zuwa huɗu, sai abin ya fi armashi. Todd Frazier, ɗan ƙungiyar garin, ya doke Joc Pederson 15 da 14 a cikin ƙarin lokaci. Duk wanda ya kalla ya san ihun da aka yi ba na bogi ba ne.

Kawu Mai Rediyo:
To ai ka faɗa da bakinka. Daren Hamilton kake ta ba da labari kamar jiya aka yi. Faɗa mini homran ɗaya tak da ka tuna daga cikin 61 da Giancarlo Stanton ya buga a 2016.

Maman Ilham:
Ku bari mai kallo da yara ta sa baki. A gidanmu agogon ne yake riƙe yara a gaban talabijin. Idan ya rage daƙiƙa ashirin mutum yana bin uku, falon nan sai ka ce za a tashi sama. Yaro ba ya bukatar a koya masa dokokin besbol kafin ya gane wannan. Don haka ban yarda a cire shi gaba ɗaya ba.

Amma Baban Sadiq yana da gaskiya a wuri ɗaya, wasan ƙarshe shi ne ya fi kowane zagaye rashin daɗi, kuma bai kamata ba. A lokacin sun riga sun galabaita, riga ta jiƙe sharkaf, bugun ya yi laushi, yaran ma sun fara gyangyaɗi. Abin da ya kamata ya zama ƙololuwa sai ya zama saura.

Malam Lissafi:
Hajiya, wannan kam lambobi suna bayanki. A 2019 a Cleveland, Vladimir Guerrero Jr. ya buga 29 a zagayen farko. A na kusa da ƙarshe suka kafsa da Pederson, kunnen doki bayan kunnen doki, sai da aka kai 40 da 39 kafin ya wuce. Ya iso wasan ƙarshe da ƙyar yake ɗaga hannu, ya buga 22, Pete Alonso ya buga 23. Jimilla Guerrero 91, Alonso 57, Alonso ya tafi da dala miliyan ɗaya.

2022 a Los Angeles haka aka maimaita. Julio Rodríguez 32, sannan 31, sannan 18, jimilla 81. Juan Soto 53 gaba ɗaya, shi ya ci. A 2023 a Seattle, gaban mutanen garinsa, Rodríguez ɗin ya buga 41 a zagaye guda, abin da ba a taɓa yi ba, sai ya fito zagaye na gaba ba sauran ƙarfi, Guerrero ya cire shi 21 da 20.

Akwai kuma wata rashin adalci da ba a cika lura da ita ba. Idan ana karawa mutum biyu-biyu, na biyun ya san adadin da yake nema, da ya wuce da ɗaya sai ya ajiye sanda ya huta. Na farkon kuwa dole ya zazzage duk ƙarfinsa tunda bai san me zai isa ba.

Baban Sadiq:
Yawwa, yanzu muka zo wurin. Malam Lissafi, duk lambobin da ka jero ni suke goyon baya. Ni ban ce a koma tsarin faɗuwa goma ba, Kawu ya yi haƙuri. Cewa nake yawan ne ya yi yawa. Idan mutum ɗaya zai buga 91 a dare ɗaya, to homran ta zama ba a bakin komai ba. Mutumin da ya buga 40 a kakar wasa ta wasanni 162 gwarzo ake kiransa. A nan kuma cikin minti huɗu a yi arba'in, har mai sharhi ya gaji da ihu ya koma ƙirga kawai.

Ga abin da nake so a yi. A ba kowa bugu ƙidayayye, a ce goma sha biyar a zagaye. Kar a jefo ta gaba sai wadda aka buga ta sauka. Don kar a koma zaɓe-zaɓen da Malam ya ambata, a sa ƙaramin agogo tsakanin jifa da jifa, kamar wanda suka sa a wasannin lig tun 2023, kuma idan ka bar ƙwallo biyu sun wuce a jere ta uku ko ka buga ko a ƙirga maka ita. Da haka kowane bugu yana da nauyi, ɗan wasa ba ya ƙarasa gasar a wahalce, mai kallo kuma ya ga kowace ƙwallo daga tashinta har saukarta.

Kuma ba a kaina na ƙirƙiro ba, mun ga irinsa a 2025 a Atlanta. Wasan taurari ya tashi 6 da 6, maimakon ƙarin lokaci sai aka ce kowane ɓangare ya fito da mutum uku, kowa bugu uku. Kyle Schwarber ya zo ɓangarensa na baya, ya buga uku, duka ukun suka tsallake, ta ƙarshen ma har gwiwarsa ta kai ƙasa. Aka tashi 4 da 3. Bugu uku kacal, amma sun fi gasar daren Litinin gaba ɗaya tayar da tsikar jiki. Ɗan Fagge ma zai gane wannan, bugun fenareti ne. Da za a ce kowane ɗan wasa ya buga fenareti arba'in cikin minti uku, wa zai riƙe numfashi?

Ɗan Fagge:
To yanzu ka yi magana da yarena. Wannan kam zan iya tashi in kalla. Amma fenareti akwai gola, Yaya. Har yanzu ba ka ba ni wanda zai hana ba.

Na-Damagaram:
Sannunku da hira. Ɗan Fagge ya kawo magana mai kyau kuna ta wuce ta. Hukumar lig ɗin da kanta ta gwada abin da yake nema. A 2022 sun fito da wata ƙaramar gasa da suka kira Home Run Derby X, aka fara a Landan, aka je Seoul da birnin Meksiko. A can ƙungiya-ƙungiya ake yi, maza da mata a haɗe, kuma abokan hamayya suna tsaye a fili. Idan ka buga ba ta fita ba suka cafe, su ke samun maki. Me zai hana a kawo wannan babbar gasar? Maimakon yaran nan da ake cika fili da su don tsintar ƙwallayen da ba su fita ba suna karo da juna, a sa ƙwararrun masu tsaron baya guda uku. Wanda ya yi tsalle ya ƙwato ƙwallo daga saman katanga, a rage wa mai bugu ɗaya, shi kuma a ba shi kyauta. A besbol babu abin da ya kai wannan ƙwacen kyau.

Maman Ilham:
A'a Malam, kar a taɓa mini yaran nan! Su ne rabin nishaɗin. Ba ku ga na 2025 ba, a wasan ƙarshe wani matashi ya daka tsalle ya cafe ƙwallon Junior Caminero a bakin katanga? Sai da alƙalai suka duba suka ce a ƙirga masa ita. Washegari zancen yaron ya fi na wasu 'yan wasan yawa.

Malam Lissafi:
Shawarar Na-Damagaram tana da daɗin ji amma ba za ta yiwu ba. Wace ƙungiya ce za ta yarda ɗan wasanta na miliyoyin daloli ya je yana karo da katanga a wasan da ba ya cikin lissafin lig? Kuma yawancin ƙwallayen nan suna wuce katangar da mita goma ko ashirin, ko da tsani ba za ka taɓa su ba. A filin Derby X an matso da komai kusa ne shi ya sa abin yake aiki.

Game da shawarar Baban Sadiq, a sani cewa hukumar ta riga ta fara karkata can. A 2024 aka ce minti uku ko jifa 40, duk wanda ya riga cika, a wasan ƙarshe kuma minti biyu ko jifa 27. Bayan nan sai ƙarin dama ba tare da agogo ba, ka yi ta bugu har ka faɗi sau uku, idan ka buga mai nisan ƙafa 425 a ƙara maka ɗaya. Zagayen farko ma an daina haɗa mutum biyu-biyu, duka takwas ke bugawa a ɗauki huɗun sama. Sakamakon ya nuna, Teoscar Hernández ya ci Bobby Witt Jr. 14 da 13, kuma ƙwallon Witt ta ƙarshe bangon tsakiya ta daka, saura ƙiris ta fita.

Baban Sadiq:
Ka lura da wurin da abin ya faru? A cikin ƙarin damar nan mara agogo. Ƙwallo ɗaya a sama, kowa ya san idan ta fita kunnen doki ne, filin ya yi tsit yana bin ta da ido. Da cikin agogo ne da ba wanda zai san ita ce mai yanke hukunci sai bayan an gama. Su da kansu sun ga inda daɗin yake, amma sun ajiye shi a wutsiyar zagaye, bayan mutum ya gama kashe kansa da jifa arba'in. Kuma dokokin sun yi yawa. Minti uku, ko arba'in, da hutu ɗaya, da faɗuwa uku, da ƙafa 425. Duk shekara sai mai sharhi ya ɓata minti biyar yana bayani, wanda ya shigo a tsakiya kuwa sai dai ya yi ta kallo kawai.

Kawu Mai Rediyo:
Ni abin da ya fi ba ni haushi ba a girmama nisa. Oneil Cruz na Pittsburgh ya buga mai ƙafa 513 a Atlanta, wajen mita 156 ke nan. Wani ya buga wadda ta goga saman katanga da ƙyar ta faɗa. Duka biyun ɗaya-ɗaya aka rubuta. Ina adalci? Tunda akwai na'urar Statcast tana auna komai tun 2015, a ce duk wadda ta wuce ƙafa 450 biyu ce, wadda ta wuce 500 uku. Sai ka ga wanda ake bi da yawa yana da hanyar dawowa da bugu ɗaya.

Malam Lissafi:
Kawu, na'urar nan ƙiyasi take yi na inda ƙwallon za ta sauka da ba ta daki kujeru ba, ba wai wani ya je da igiyar awo ba ne. Kuma a daren da kake magana mun ga inda dogaro da ita ya kai mu. Cal Raleigh da Brent Rooker suka yi 17 da 17 a zagayen farko, aka ce a duba wanda ya fi nisa. Raleigh ƙafa 470.61, Rooker 470.53. Bambancin bai kai inci ɗaya ba. Da wannan aka sallami Rooker, Raleigh kuma ya je ya ci kofin. Maimakon a ba su bugu uku-uku su raba gardama a gaban jama'a, sai kwamfuta ta yanke. Idan aka ce nisa ke ba da maki, kowane zagaye sai an yi irin wannan rigimar.

Sannan filaye ba ɗaya ba ne. A Denver, inda garin yake kusan mita 1,600 sama da teku, iska ba ta da kauri, ƙwallo tana ƙara tafiya. Can Soto ya buga mai ƙafa 520 a 2021. Ka kai dokar ƙafa 500 wani filin da ke bakin teku, sai a gama gasa ba wanda ya samu.

Kawu Mai Rediyo:
To a riƙa sa iyakar gwargwadon fili mana. Ai ba wahayi ba ce.

Na-Damagaram:
Duk kuna ta gyaran doka, amma babbar matsalar ba ku taɓa ta ba: manyan ba sa zuwa. Aaron Judge ya ci a 2017 a Miami yana sabon shiga, tun daga nan bai sake shiga ba. Shohei Ohtani sau ɗaya, 2021, Soto ya cire shi a zagayen farko bayan kunnen doki biyu. Mike Trout bai taɓa shiga ba ko sau ɗaya. Kowace irin doka aka kawo, idan mutanen da ake son gani suna zaune a gefe da waya a hannu suna ɗaukar hoto, to an rage wa abin daraja.

Kuɗi kuma ba zai jawo su ba. Lokacin da Alonso ya ci miliyan ɗaya a 2019 albashinsa na shekara dala 555,000 ne, dare ɗaya ya ninka masa shi kusan biyu, dole ya dage. Amma Judge kwantiraginsa dala miliyan 360 ne a shekara tara, Ohtani miliyan 700 a shekara goma. Me miliyan ɗaya za ta yi musu?

Baban Sadiq:
Ai wannan ma komawa yake kan maganata. Me suke tsoro? Gajiya da rauni. Judge bayan gasar 2017 bugunsa ya yi sanyi na tsawon makonni, ƙarshen shekara kuma aka yi masa aiki a kafaɗa. Ko gasar ce sila ko ba ita ba, shi dai ya ɗauki darasinsa. Ka ce wa mutum ya zo ya yi bugu sama da ɗari da dukan ƙarfinsa ana tsakiyar kaka, ƙungiyarsa na neman kofi, zai ce a kai kasuwa. Ka ce masa bugu goma sha biyar sau uku, wannan bai wuce abin da yake yi kullum kafin wasa ba.

Malam Lissafi:
Maganar cewa gasar tana lalata bugu, a yi hattara da ita. Misalin da kowa ke kawowa Bobby Abreu ne, 2005, ya zo da homran 18, ya buga 41 a gasar, bayan hutu ya ƙara 6 kacal. Amma wa ake gayyata tun farko? Wanda rabin kakarsa ta farko ta yi kyau fiye da yadda ya saba. Irin wannan ko ya shiga ko bai shiga ba, akasari sai ya ɗan sauko. Ga Raleigh nan, ya zo da 38, ya ci gasar, ya gama shekara da 60, abin da wani mai kama ƙwallo a bayan mai bugu bai taɓa yi ba. Sai dai na yarda cewa abin da ɗan wasa ya yi imani da shi ne ke hana shi zuwa, ba abin da lissafi ya nuna ba.

Maman Ilham:
Ni kuma abin da nake so Netflix ta riƙe hannu biyu shi ne masu jifan. Raleigh mahaifinsa ne ya jefa masa, ƙaninsa ɗan shekara 15 ya tsuguna a baya yana kamawa. Bryce Harper a 2018 a Washington mahaifinsa. Robinson Canó a 2011 mahaifinsa. Guerrero da ya ci a 2023, babansa ya ci a 2007, su ne uba da ɗa na farko. Wannan shi ke sa wanda bai damu da besbol ba ya zauna. Amma a tsarin gaggawar nan da ƙyar ake nuna fuskar uban. Dattijo yana ta jifa kamar inji, yana haki, idan hannunsa ya kauce duniya ta zage shi a intanet. A sa musu makirufo, a bar su su yi magana da 'ya'yansu tsakanin jifa. A nan kam ina bayan Baban Sadiq, sai an rage gudu za a samu wannan. Amma a bar mini agogona a zagayen farko.

Ɗan Fagge:
Harper ɗin nan ba shi ne aka ce babansa ya yi ta jefowa tun ƙwallo ba ta sauka ba? Na ga ana ta faɗa a kai.

Malam Lissafi:
Shi ne. A lokacin dokar ta ce a jira ta sauka, magoya bayan Schwarber suka ce ba a jira ba, aka tashi 19 da 18. Kuma wannan gargaɗi ne ga Baban Sadiq, dokar jira ta taɓa kasancewa, agogo ne ya sa ba a iya tsare ta. Muddin lokaci na tafiya, ba uban da zai tsaya kallon sama ɗansa yana bin bashi.

Baban Sadiq:
Shi ya sa na ce a cire babban agogon, ba a ƙara masa doka ba.

Na-Damagaram:
Wata shawarar kuma, a dawo da tsarin ƙasa-ƙasa. An yi shi sau ɗaya a 2005 a Detroit, mutum takwas ƙasa takwas. Abreu ya wakilci Venezuela, David Ortiz Jamhuriyar Dominika, Andruw Jones Holan, Hee-Seop Choi Koriya ta Kudu, har da Jason Bay na Kanada wanda bai buga ko ɗaya ba. Wanda kuɗi bai motsa shi ba, tuta tana iya motsa shi. Ku duba yadda Ohtani da Trout suka fito wa juna a wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2023, Japan ta ci Amurka 3 da 2. Kuma Netflix duniya take sayar wa kaya, ba Amurka kaɗai ba.

Kawu Mai Rediyo:
Wannan zai hana mu ganin gwanaye. Amurka da Dominika kowace tana da mutum biyar da suka cancanta, sai a ɗauki ɗaya-ɗaya, a cike gurbi da wanda zai zo ya tashi da sifili? An gwada ba kyaftin damar zaɓen masu shiga ma daga 2011, ƙarshenta Canó yana kyaftin ya ƙi ɗaukar Billy Butler, ɗan ƙungiyar garin, a Kansas City a 2012, mutanen gari suka yi masa ihu tun daga bugun farko har na ƙarshe, bai fitar da ko ɗaya ba. Duk wata dabarar zaɓen mutane an yi ta an watsar. A kira takwas mafi ƙarfi kawai.

Ɗan Fagge:
Kawu ai wannan ihun da aka yi wa Canó shi ne abu na farko da na ji a zauren nan da ya yi kama da wasa na gaske. Ku ƙara irinsa.

Shugaban Zaure:
Jama'a an gode, hira ta yi albarka, amma wasu sun fara turo mini saƙo cewa besbol ya cinye musu zaure. Zan buɗe ƙuri'a kan abu uku da na ga an fi ja a kansu: a bar agogo yadda yake, a koma bugu ƙidayayye irin na Baban Sadiq, ko a raba kamar yadda Maman Ilham ta ce, agogo a zagayen farko, ƙidaya daga na kusa da ƙarshe. Maganar maki biyu ta Kawu da ta ƙasa-ƙasa a bar su zuwa wani zaman.

Malam Lissafi:
Shugaba, kafin ka buɗe a gyara na ukun. Idan zagayen farko ya zauna a jifa 40, gajiyar da Hajiya take kuka da ita tana nan. A rubuta minti biyu.

Maman Ilham:
Biyu da rabi.

Kawu Mai Rediyo:
Ni ba zan jefa ƙuri'a ba sai an sa tawa a ciki.

Shugaban Zaure:
To Kawu, an sa. Zaɓi huɗu ke nan, ƙuri'a na buɗe har bayan sallar isha'i gobe agogon Najeriya da Nijar. 'Yan Firimiya, zaure naku ne.